Ranar Tantance Masu Marayu a Rano

Shekarun da aka fara Shari'a, gwamnati ta ware hatsi ga matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu. Ni mijina yana nan da ransa, yana noman gyaɗarsa a Madachi, amma sunana na cikin takardar masu karɓa. Wani ɗan siyasa ne ya saka mu. Mu dangwala, ya ba mu kwano biyu na masara, ya kwashe buhun. Lokacin ban iya karatu ba, amma ba zan fake da wannan ba. Na san abin da nake yi.

Da ƙorafi ya yi yawa, aka turo ma'aikata Rano su tantance, a cire na bogi. Ɗan siyasar ya tara mu a zaure, ya koya wa kowacce sunan wani mamaci, ta ce mijinta ne.

A layi, wadda ke gabana maƙwabciyata ce, yaya take ce mini. Mijinta ya rasu da damina ya bar 'ya'ya biyar, ba ta daɗe da fita takaba ba.

Ma'aikacin ya ce, "Baiwar Allah, sunan mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam."

"Malam wa? Kowa ma malam ne a nan."

"Baban yara."

Shekara goma sha biyar a gidansa, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ga kuma maza cike da rumfar da ake tantancewar.

Ya ce, "Mijin aro ne ke nan." Ya ɗaga biro.

Ta juyo. "Yaya, ki faɗa masa."

Na san sunan sarai. Amma in na yi magana za a tambayi unguwarmu, a gano nawa mijin bai mutu ba. Na kau da kai. Ma'aikacin ya soke sunanta.

Da aka zo kaina, na faɗi sunan da aka koya mini tiryan-tiryan. Ba mijina ba ne, kunyar me zan ji? Ma'aikacin har ya ce haka ake so.

Kafin wata daminar abinci ya ƙare mata. Dangin mijin suka raba yaran, biyu Rurum, biyu Nariya, ita ta koma gidan ubanta da na goye. Ranar tafiyarta na kai mata masara a ƙwarya. Ta karɓa, ta ce, "Allah ya saka, yaya." Babbar 'yarta tana kuka a kan babur, an riga an tayar.