Ranar da Aka Hana Jinka Hayaƙi

Shekara talatin ina yaɓen bangon tsofaffin ɗakunan ciyawa bakwai da ke bayan kasuwa, Baba Tsaiko kuma yana sama yana musu baibaya. Ba shi da yawan magana. Da hannunsa yake zaɓen ciyawa, ya yanta, ya hau, ya sauko. Jinkar da ya ɗaura takan ci damina takwas ba ta ɗiga ba.

Sai aka ce ɗakunan kayan tarihi ne. Aka tashi mazauna, aka kafa kwamiti, aka kawo mana sakatare mai farin takalmi wanda ko lauje bai taɓa riƙewa ba. Ranar farko ya ɗaga kai ya ga hayaƙi ya maida cikin jinka baƙi ƙirin, ya toshe hanci. Ya sa aka kankare, aka fasa murhu, aka kafa allon hana hura wuta.

Baba ya gaya masa hayaƙin nan ne ke korar gara, shi ke busar da ciyawa daga ciki. Sakatare ya ce ai an yi taro an gama magana.

Damina biyu jinka ta ruɓe, gara ta cinye itacen. Kwamiti ya sake zama, aka sha lemo, aka yanke cewa tsufa ya kashe wa Baba hannu. Aka kore shi, aka ba ɗan kwangila aikin. Korar ba ta ci wa Baba rai ba kamar cewar da aka yi aikinsa ne ya gaza.

Ya roƙi a ba shi gadin wurin, da ƙaramin ɗakin ƙarshe. Ya yi masa sabuwar jinka shi kaɗai. Kullum da safe sai ya hura wuta a ciki, wai ciwon ƙafa yake gasawa.

Yau ɗakuna shida suna sanye da tampol kamar rumfar 'yan tumatir. Na bakwai kaɗai ake nuna wa baƙi. Jiya na ji sakatare a bakin ƙofar yana musu bayanin amfanin hayaƙi, wai bincikensu ne ya gano.

Baba bai ko ɗago daga murhu ba.

"Ɗana, matsa gefe," in ji shi. "Kada binciken ya ɓata maka takalmi."