Inna Fourera, Mai Fara Magani da Ido Ɗaya

Kafin motocin shantiye, wato wuraren gini, su zo kwasar leburori a unguwar Tayuri, Inna Fourera ta riga ta tafasa ruwa, ta shanya fararen tsummokaranta. Maza na tsugune a ƙofarta, idanu jajawur da ƙurar siminti, wasu kwantsa ta liƙe musu. Tun da arzikin mai ya sa benaye suka fara tsiro a nan Sabha ta ƙasar Libiya, ba ta rasa baƙi ba.

Na ga raƙumi mai shan shayi, amma al'adar matar nan ta fi ba ni mamaki. Ko ido biyu ke ciwo, ɗaya take sa wa magani. Ɗayan sai ta wanke da tafasasshen ruwan gishiri kawai, bayan kwana uku ta duba wanne ya fi sauƙi. Takan ce ido ɗaya shaidar ɗan'uwansa ne. Sau da yawa tare suke warkewa, sai ta faɗa ba kunya cewa maganin bai ƙara komai ba. Da haka ta daina ɗiga nonon mace, ta hana kwallin kasuwa.

Wanda ta fi ji da shi garin fidili ne, wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe da ta gada wajen uwarta a Damagaram. Bara Djibrilla magini ya zo idanu a kumbure. Da ta sa wa na dama fidilin ta rufe kwalba, sai ya ce, "Inna, na hagun na maƙwabci ne?"

Ta ce, "Naka ne, ɗana. Shi ya sa nake ajiye maka shi."

Kwana biyu na daman ya ƙara kumbura, fari ya fito a kan baƙin. Djibrilla ba shi da takardun zama a ƙasar, ya ce gara makanta da 'yan sanda. Ta yafa mayafi, ta ja hannunsa har asibiti, ta ajiye kwalbar gaban likita ta ce ga abin da ta sa. Zabeirou direba, wanda ya kai su, ya ce likitan ya yi mata faɗa da Larabci gaban jama'a, ba ta musa ba. Na daman ya yi hakiya. Na hagun ya tsira. Ranar ta zubar da fidilin uwarta a rami.

Djibrilla na nan yana gini a unguwar Mahdiya. Yana cewa dama magini ido ɗaya yake kannewa in zai duba miƙewar bango.

Inna, ga shi za ki koma gida bayan shekara goma sha ɗaya. Ke ce kika zaɓi idon ɗan wani a kan gadon uwarki. Mun gode, Allah ya kai ki lafiya. Ku kuma masu magani da kuka rage a Tayuri, in naku ya gaza, ku ɗauki kwalbar ku bi mai ciwon har gaban likita.