La'asar a Tsohon Filin Tseren Babur

A shekarar da na gama digirina na biyu ina zaune a ƙasar Turawa, a unguwar Glenwood, a ɗaki ɗaya cikin wani tsohon gida, ina jiran takardar izinin aiki. Mai jiran takarda ba ya son a san da shi a gari. Abu ɗaya da ke fitar da ni da daɗin rai shi ne ƙwallon ranar Lahadi.

Filin yana bayan gari, can gaba da Sedgefield. Wani Alhaji ɗan Nijar mai shagon kayan abinci ne ya samo mana izinin wasa a wurin da sunansa, kuma ragar gola tasa ce, a motarsa take zuwa take komawa. Ciyawa ce a tsakiya, sai wata faffaɗar hanya ta jar ƙasa da ta zagaye ta kamar ƙwai, sai ragowar bencina na katako a gefe guda. Ba mu taɓa tambayar ko hanyar mece ce ba. Mun dai lura lanƙwasarta ta arewa maso gabas ta fi ko'ina tudu, tana bushewa da wuri bayan ruwan sama, ga ta daidai alƙibla, kuma itatuwa ne a gabanta, ba mai giftawa. Nan muke shimfiɗa tabarmi mu yi La'asar idan an tafi hutun rabin lokaci.

Sai wani tsohon Bature ya fara zuwa a a-kori-kura. Wasa bai dame shi ba. Sai mun tayar da salla yake fitowa ya jingina da shinge yana kallo. Shekarun nan ne da Musulmi ke ɗar-ɗar a ƙasar, saboda haka a mako na uku Alhaji ya yafito ni.

"Ɗan boko, je ka jiyo mana me yake so."

"Alhaji, ni fa takardata ba ta fito ba."

"Gaisuwar ma sai da takarda? Ni da nake da ita, in na buɗe baki Faransanci ne zai zubo. Jeka."

Na tafi. Tsohon ya miƙo mini hannu tun kafin na ƙarasa, ya tambaye ni ko mun san inda muke wasa.

Abin da ya faɗa mini ke nan, gwargwadon abin da na riƙe, don ban rubuta a lokacin ba. Ma'aikatan masaƙa ne suka share filin domin ƙwallo, irin tasu ta runguma da hannu. Da 'yan kallo suka ragu sai aka yanka hanyar nan a kewaye don tseren babur, ana yin biyun a mako guda. Baburan ba su da birki. Mahayi yakan sa takalmin ƙarfe a ƙafar hagu ya riƙa jan ta a ƙasa idan zai sha kwana, jar ƙasa na watsuwa har kan 'yan kallo. Daga baya gidaje suka matso, maƙwabta suka yi ƙorafin ƙara, aka daina.

Sannan ya nuna wurin tabarmarmu. Ya ce yayansa mahayi ne, kuma a wannan lanƙwasa yake wuce mutane. Ya rasu a farkon shekarar, ya bar wasiyya a ƙona gawarsa a watsa tokar a nan. Shi tsohon da hannunsa ya watsa. Ya ce kada mu damu, bai zo hana mu ba, daɗi ma yake ji idan ya ga mutane na durƙusawa a wurin.

Da na dawo aka kewaye ni.

"Me ya ce?"

"Ya ce da can filin tseren babur ne."

"Moto? A nan?" in ji Alhaji. "Shi ya sa ɗan bayanku ke gudu ba birki!"

Aka fashe da dariya, ni kuwa na haɗiye sauran maganar.

Na san halin Alhaji. Mutum ne da ba ya wasa da abin da ya shafi tsarki. In ya ji, mai yiwuwa ya janye, in kuma ya janye, izini da raga sun tafi, kuma ba mu da wani wurin haɗuwa sai wannan. In na yi shiru, mutane za su ci gaba da sa goshi a wurin da ni kaɗai na san abin da ke cikinsa. Kabari ne? Ba kabari ba ne? An yi ruwa sau da yawa tun daga lokacin, to ruwan ya tafi da ita ko ya shigar da ita ƙasa? Har laburare na je, wataƙila da fatan in tarar tsohon ya ruɗe ne. Na samu hoto guda, ba kwanan wata: bencinan nan cike da mutane, da babura huɗu a karkace a lanƙwasarmu.

Lahadi biyu na bi jam'i a wurin, in na koma ɗaki in sake sallar.

A ta biyun, bayan wasa, na roƙi Malam ya rage mini hanya. Bakano ne mai aiki a kamfanin kujeru, shi ke mana limanci. Na faɗa masa komai, ina ta kewaye-kewaye. Da muka tsaya a danja ya juyo ya dube ni.

"La'asar nawa muka yi tun da ka ji?"

"Biyu, Allah gafarta Malam."

"Kai kuma kana sahun gaba."

"Na rama a gida."

"Ka rama taka. Tamu fa?" Danja ta ba da hannu, ya ja motar. "Ban san hukuncin ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Zan tambaya. Amma ba ni da ikon ɓoye wa mutane, kai ma ba ka da shi."

Ya sanar bayan sallar Juma'a. Amsar da ya samo, idan na fahimta daidai, ita ce a bar wannan wurin, sauran filin ba laifi. Alhaji bai yi musu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce shi dai zuciyarsa ba za ta kwanta ba, iska ba ta san iyakar lanƙwasa ba. Da izinin ya ƙare a ƙarshen bazara bai sabunta ba. Wasu suka ce in sa sunana, na ce a bari takardata ta fito. Kafin ta fito an ba wata ƙungiyar yara ranar Lahadin.

Na daɗe ina zagaye shagon Alhaji. Ranar da manja ya ƙare mini dole na shiga. Ya zuba mini manjan, ya auna mini gari, ya ƙara mini barkono ban tambaya ba, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya riƙe da leda ina jira ya ambaci filin, ko da faɗa ne. Ya leƙa bayana ya ce, "Hajiya, me za a ba ki?"