Roba Ɗaya, Ƙafafu Biyu

Shekarun baya, a daminarmu ta biyu da barin Damari muka tare a cikin Birnin Gwari, mahaifina ya ari wata 'yar gona a bakin daji. Wai shi ba zai iya zama yana ƙirga azarar ɗaki ba. Ana cikin noman farko kututture ya soke shi a ƙafar hagu.

Ni ne likitan gidanmu a lokacin, don na gama sakandare kuma na haddace kalolin kafso. Na je kemis na sayo ja-da-rawaya guda huɗu, na ba shi biyu ya haɗiye, biyu na fasa na barbaɗa a ciwon. Haka muke yi wa kowa, har kaji. Da zogi ya lafa muka ce ya warke. Bayan mako biyu ƙafa ta kumbura suntum, sai asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ke zagaye ɗakin maza duka, wata 'yar kudancin Kaduna da muke kira Sista. Aikin ya fi ƙarfinta, don haka mu masu jinya ke yin rabinsa. Na sayi roba da tawul, kullum da safe ina goge wa Baba gefen ciwon. Cikin 'yan kwanaki kumburi ya saɓe, har ya fara tambayar ko ciyawa ta cinye masara.

A gadon da ke kusa da mu akwai wani tsohon makiyayi mai gyambo a ƙwauri, ya zaga asibiti uku ba a dace ba. Mai jinyarsa ya tafi ruga, hanya ta ɓaci, bai dawo ba. Ƙuda na bin tsohon, mutane na kawar da kai saboda wari. Na kasa jurewa. Na ɗauki robarmu na ce, "Baffa, miƙo ƙafar." Na wanke masa, na ɗauraye robar, na juya kan Baba. A raina ina ta lissafin lada.

Sai a kwana na shida Sista ta gan ni.

"Malam, da wannan robar kake wanke wa Baba?"

"Ai ina ɗauraye ta, Sista."

Ba ta yi faɗa ba. Ta dai rufe ido ta ja dogon numfashi, irin na wadda ta gaji da maimaita magana ɗaya.

Ciwon Baba ya juya. Ruwa kore-kore ya fara fita, da warin da na riga na sani. Aka canza allura, aka sake canzawa, kamar ana zuba ruwa. Likita ya ce sai an kai ruwan ciwon Kaduna a gwada, wannan kuwa sai ranar da motoci suka samu rakiyar jami'an tsaro. Muka yi ta jira, ƙafa kuma ba ta jira ba.

Da sakamako ya dawo, likitan ya nuna mini magunguna jere a takarda, ya ce guda ɗaya kacal ke cin ƙwayar cutar. "Wannan ba daga gona ta zo ba," in ji shi. "'Yar asibiti ce. Ta sha haɗuwa da magani rabi-rabi, irin kafso biyun nan naku. Maganin ya kashe masu rauni, ya bar masu ƙarfi, su kuma su hayayyafa. Daga nan su bi hannu, su bi zanin gado, su bi roba."

Na ce, "Likita, ni ne ke nan?"

"Ba zan iya rantse maka ba. Zai iya zama kai, zai iya zama hannuna."

Aka tura mu Kaduna, amma da muka isa ciwon ya riga ya ci ƙashi. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Sai da muka dawo gida na iya faɗa wa Baba abin da likita ya ce. Ya ce, "Da ka bar dattijon nan ƙuda na cinsa, da ban yafe maka ba. Roba biyu dai ya kamata mu saya."

Yanzu in na je dubiya, sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa kowa, in sake wankewa kafin in matsa gado na gaba. Ana ce mini mai ƙyanƙyami. Da ina tsayawa yin bayani, yanzu wallahi na gaji, murmushi kawai nake yi. Baba ya yafe, kowa ya yafe, ni ne dai abin bai sake ni ba. Duk sallah ni ke saya masa takalmi, kuma har yau ban san yadda zan yi da na hagun ba.