Shaidan da ke bayan zana

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar da kwata, ni da matata da ƙanena. Niyya biyu na ɗauka daga Kano. Ta farko Umara. Ta biyu in ga ƙanen kakana, wanda ya bar garinmu tun yana saurayi bai sake komawa ba.

Dalili shi ne wani fim da aka yi bara a kan shari'ar mutanen garinmu da suka yi zanga-zangar haraji a zamanin da. A ciki an sa sunansa a kan wanda ya ba da shaida har aka ɗaure abokansa, an kuma nuna ya haukace ya mutu. Tun daga nan yara ke kiran 'ya'yana jikokin maci amana.

Da muka sauka Jidda muka shiga mota zuwa Makka, muka yi Umara, muka kwana a unguwar Jarwal. Da safe muka karya da tamis, wato gurasarsu, da ful. Matata ta ce wake ne kawai ya sa alkyabba. Bayan nan muka hau tasi zuwa Utaibiyya, unguwar da ƙanen kakan nawa yake zaune, inda lunguna suka matse har direba ya ce mu ƙarasa da ƙafa.

'Yar tsohon ce ta buɗe mana. Hausarta rabi Larabci ce.

"Tafaddalu, ku shigo. Baba, ga mutanen balad, mutanen gida, sun zo."

Yana zaune a kan katifa, ya rame ƙwarai. Na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni, sannan na kunna masa fim ɗin a waya. Ya kalli jana'izar kansa bai ƙifta ido ba.

Da aka gama ya fara gyara, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce alƙali ba shi da guduma. Ba wanda ya miƙe ya yi jawabi, a ƙasa suka durƙusa ba takalmi. Ba lauya. Sai ya shiga kiran sunayen waɗanda aka gurfanar tare da shi. Bayan kowane suna yakan karkata kunne wajen ƙofa. Ba mu ji komai ba, amma shi yana gyaɗa kai.

"Baba, wa ya ba da shaidar?"

"Ɗana, shaida bayan zana aka ajiye shi. Murya kawai muka ji. Ni bulala aka yi mini aka sake ni don na fi kowa ƙuruciya. Da gari ya ga na fito, aka ce ni ne. Shi ya sa na kama hanyar gabas."

"Ka gane muryar?"

"Na gane. Na sake jinta wata shekara a wurin ɗawafi, daidai ƙeyata, tana neman gafara. Ban waiwaya ba."

Na roƙe shi sunan. Na ce 'ya'yana na shan gori a makaranta.

"Khalas, a bar maganar. Shi ma yana da jikoki. In na faɗa, su za a koma yi wa."

Sau uku na koma gidan kafin mu taso, amsar ba ta canja ba. A zuwana na ƙarshe ya ce in ja ƙofar a hankali, akwai mutane a zaure. Ni ban ga kowa ba.

Mun dawo Kano lafiya. Abin da na koya shi ne mai fim yana bukatar fuska, in bai samu ba sai ya ɗauki ta wanda ba ya nan. Suna ban samo ba, kuma na daina nema.

Ga roƙona. In kana da tsoho ko tsohuwa da suka ga wannan shari'a, ka je yau ka yi tambaya ɗaya: an ga fuskar shaida, ko a bayan zana yake? Ka ɗauki amsar da muryarsu a waya ka aiko mini. Ina so Baba ya ji ta tun yana da rai.