Timoti da Rahoton Rahinatu

Malam Timoti yana koyar da kwamfuta a wata sakandare da ke Tumfure. Siriri ne, mai son guga, kuma shi ya koya wa kansa rubuta manhaja. Burinsa ɗaya tun yana saurayi: ya ga sunansa a jerin masu gina wata manhajar asibiti, irin wadda ake barin cikinta a buɗe, kowa a duniya ya duba, ya gyara, ya aika wa masu kula da ita su karɓa ko su ƙi. Sau huɗu yana aika gyara, kowanne ya fi na baya girma. Sau huɗu ana mayar masa cikin ladabi, wai ba a gane ciwon da yake yi wa magani ba.

A shekarar da motocin Borno suka riƙa sauke mutane a Gombe da ƙunshi a ka, Rahinatu ta kama haya kusa da gidansa. Ta samu aikin rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Bagadaza, inda ake amfani da wannan manhajar.

Wata Asabar ta yi sallama. "Malam, na'urarku ta haɗiye mini tsohuwa."

Tsofaffin da suka gudo ba su san ranar haihuwarsu ba, don haka kowa ɗaya ga Janairu take rubuta masa. Sai ga tsofaffi biyu masu suna Ya Aisa, shekarunsu ɗaya. Manhajar ta mai da su mutum guda, aka ce wa ta biyun ai ta riga ta karɓi maganin hawan jininta.

"To, rubuta wa masu kula da ita mana," in ji Timoti yana murmushi. Ya nuna mata shafin da ake kai musu rahoto, yana jiran a mayar da ita kamar yadda ake mayar da shi.

Layi biyar ta rubuta: abin da ta yi, abin da ta zata, abin da ya faru. Cikin kwana biyu mutum goma sha ɗaya suka amsa, daga ƙasashen da Timoti bai taɓa takawa ba. Aka gode mata, aka sa sunanta a jerin.

Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa Juliana ta dube shi ta ce, "Baban Dennis, shekara shida kana ƙona ido, ashe abin layi biyar ne?"

"Ƙorafi ta kai. Ko waƙafi ba ta gyara ba."

"To gyara mana. Ko kai ma an haɗiye ka?"

Ya san gyaran sarai: ɗan akwati da za a danna idan ba a san ranar haihuwa ba. Amma a ƙarƙashin rahotonta zai shiga. Mako guda ya danne shi, har ran da Rahinatu ta ce masa ƙafafun tsohuwar sun kumbura. Ya zauna ya rubuta, ya aika. Aka karɓa ba gardama.

Sunansa ya fito, daidai ƙasan nata. Har yau idan zai nuna wa ɗalibai shafin, yakan ja shi sama kaɗan, yadda nasa zai zama na farko a allon.