Farashin Suruki

Aikin da na yi a Zuru bayan dawowar mulkin farar hula, ko matata ta daɗe ba ta gane kansa ba. Duk wata nakan bi kasuwa ina tambayar kuɗin kaya, ba na sayen ko allura. In rubuta, in aika ofishinmu na ƙididdiga, su haɗa da na sauran garuruwa, daga baya rediyo ta sanar da mutane cewa tsada ta ƙaru, kamar ba su je cefane ba. Aikin ya gajiyar da ni tun ban tsufa ba.

Dokarsa kuwa ba ta lanƙwasuwa. Mai kayan da ka fara tambaya, shi za ka riƙa tambaya har sai ya daina sayarwa. Mai dawar da na gada a wurin ma'aikacin da na maye gurbinsa wata dattijuwa ce daga wajen Ribah. Sai da na yi aure na gano ƙanwar mahaifiyar matata ce. A wajensu, faɗa wa mijin ɗiya kuɗin kasuwa abin kunya ne. In na durƙusa na ce, "Inna, nawa mudu?" sai ta faɗi kuɗin da ko ita ba ta saro a haka ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Inna kunnenta ya yi nauyi, magana take kamar mai kiran shanu. Matan da ke tsaye su ji, su miƙo kwanoninsu. Ita kuma ba za ta saɓa maganarta a gaban suruki ba, sai ta auna musu a haka. Jarinta buhu biyu ne, da shi take ciyar da jikoki. Ba da daɗewa ba matan unguwa suka gane ranar zuwana, suna hango babur ɗina sai su biyo ni.

Na roƙi oga a canja mini mai dawa. Ya ce in kowa ya canja yadda ya ga dama, lissafin ƙasa ya lalace. Na roƙi matata ta yi mata magana, ta ce wa ya isa ya koya wa Inna rashin kunya? Na gwada tambayar maƙwabciyarta a ɓoye. Inna ta hango ni, ta aiko gida tana tambaya ko laifi ta yi mini. Haka na koma, raina a ɓace, ina kallon buhu biyu suna zama ɗaya.

Wani wata bayan girbi na tarar da wata mata a rumfar Inna. Doka ta yarda in canja ke nan. Ina cikin tambayar sabuwar, sai ga Inna a cikin masu saye, da ɗan kwano a hannu, tana jiran a auna mata rabin mudu. Na rasa inda zan sa idona. Mai dawar ta faɗa mini kuɗin gaskiya, Inna ta ji, ta daka mata tsawa.

"Ke, rage mashi! Ba ki san mijin ɗiyata ne ba?"